Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara



Wasu dandalolin sada zumunta sukan bar mutum ya ƙawata shafinsa da kundin ado, watau CSS, wanda ke tsara launi da zubin shafi. Hatsari yana tasowa ne in an ajiye kundin nan a kwamfutar wani baƙo. Masu dandali za su duba shi yau su ga lafiya lau, gobe mai shi ya sauya shi ba da sanin kowa ba. Yana ganin adireshin intanet na kowane maziyarci, yana kuma iya sake kamannin shafin don ya ja mutane zuwa tarkon ɓarayin kalmar sirri.

A shekarar 2005 Samy Kamkar ya ɓoye umarni cikin adon shafinsa na MySpace. Cikin sa'o'i 20 abin ya bazu zuwa shafuka fiye da miliyan ɗaya. To, wannan a cikin gida ke nan, ina ga wanda ke hannun baƙo?

Saboda haka ku da za ku riƙe irin waɗannan dandaloli, ku ajiye kundin ado a gida, ku tace shi kafin ya fita.