Aikin yaro da kuɗin iyali



Yau magana ta shafi ma'aikaci mai amsar kuɗin iyali a CNSS. Ana biyanka kuɗin ɗanka har ya kai shekara 14. In yana koyon sana'a, har 18. In yana lakol, har 21.

To, ga ɗanka mai shekara 15 ya samu ɗan aiki da marece a kasuwa. Ka sa ido. In aikin ya raba shi da aji, ba ya samun takardar shaidar lakol. Ba takarda, ba kuɗi.

In sana'a ya zaɓa, ka nemi takardar koyo wajen maigidansa, ka kai CNSS da wuri.

Sai mako mai zuwa.