Taron Komawa Gida a Tsibirin Tiree

Tiree ƙaramin tsibiri ne a yammacin Sikotilan. A shekarar 1831 mutanensa sun haura 4,000, amma ƙidayar 2011 ta sami 653 kacal. Cutar da ta lalata dankalin Turawa a 1846 ta jefa manoma cikin yunwa, mai mallakar ƙasar kuwa, basaraken Argyll, ya ga gara a rage jama'a. Sai jiragen ruwa suka yi ta kwasar iyalai zuwa Kanada, akasari lardin Ontariyo.

Jikokinsu ne ake gayyata taron komawa gida mai suna A' Bhuain, wanda aka yi a 2006, aka sake a 2016. Baƙi kan zaga maƙabartu da kufan gidajen kakanninsu, su saurari waƙoƙin Gelik, harshen da yawancinsu ba sa ji.

Aikin da ya fi ɗorewa yana cibiyar tarihi ta An Iodhlann, inda ake adana hotuna, tsofaffin takardu da muryoyin dattawa. Nan baƙo ke bin sawun zuriyarsa, wani ma ya bar wasiƙu da hotunan da danginsa suka ajiye a ƙetare, waɗanda mutanen tsibirin ba su taɓa gani ba.