Wa Ke Riƙe Da Yaron Idan Kina Kan Sana'a?

An ƙirga zubi, sakatariya ta rubuta, an rufe akwati. Kafin masu makulli su tashi ina roƙon a ba ni aron kunne, don maganar yau tana goye a bayanku.

Wadda ta karɓi rance a wannan zagaye ta ƙara jari, ta ɗaga hannu. Masu tuyar ƙosai, masu ƙuli-ƙuli, masu dakan fura, masu kiwon jar akuya. Allah Ya sa albarka. To ga tambaya, kowa ta amsa a zuciyarta tukuna. Daga asuba zuwa azahar, lokacin da kike gaban kasko ko turmi, yaronki da bai kai shekara uku ba yana hannun wa?

Na yi wannan tambaya a ƙungiyoyi tsakanin nan Sifawa da Boɗinga har Shagari, amsar kusan ɗaya ce. Yana wajen kakarsa. Yana wajen abokiyar zamana. Ko kuma, wadda ta fi yawa, yana bayan yayarsa, yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, ga goyo a baya ga farantin talla a ka. Ban faɗi haka don in kunyata kowa ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: duk rancen da ya ƙara miki jari ya ƙara miki aiki, kuma lokacin da aikin ya ci, daga rabon ƙaramin yaro aka yanko shi. Irin wannan asusu namu a Maraɗi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, don mace ta samu abin rufin asirin gidanta. In kuɗi ya shigo yaro ya koma baya, dubarar ba ta cika ba.

Me ya sa na matsa a kan shekara ukun farko? Masana sun auna sun ga cewa kafin yaro ya cika shekara uku, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babba. Abinci na gina ta, lafiya na tsare ta, wannan kun sha ji. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne magana da wasa su ma suna gina ta.

Akwai wata ƙasa mai nisa, Jamaika. A babban birninta Kingston, a shekarun 1986 da 1987, an ɗauki yara 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako, awa guda, har shekara biyu. Abin da take yi kawai, ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wa ɗanta hira, ta yi wasa da shi da kayan da aka haɗa a gida, ta yaba masa in ya yi abu. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran nan, sun zama manya. Aka tarar waɗanda aka yi wa wannan ziyara abin da suke samu a wajen aiki ya ɗara na sauran da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ku da kuka san lissafin riba, wace sana'a ce ke ba da haka da gwangwani da tsumma?

Na san abin da wata ke cewa a ranta: “Jinjiri mi ya sani? In zauna ina surutu da wanda ba ya amsawa, a ce na taɓu?” Yana amsawa, Inna. Ki lura. Ya kalle ki, ya yi gwaranci, ya miƙa hannu, ya harba ƙafa. Amsarsa ke nan. In ya ce “ba”, ki ce masa “ba”, ki jira, za ki ga ya sake. Kina yi masa wanka, ki ce ga ruwa, ga hannu, ga ƙafa. Kina tankaɗe, ki ce wannan gero ne, wancan wake. Akuya ta wuce, ya nuna da yatsa, ki ce i, akuya ce, ja ce. Wannan bai hana ki juya ƙosai ba. Waƙoƙin raino da tawai da kakanninmu suka yi mana, ashe karatu ne, mu ne muka sake su.

Kayan wasa kuwa ba sai an je kasuwa ba. Ƙoƙo da ludayi ya buga. Gorar roba a zuba tsakuwa a ɗaure bakin tamau ya kaɗa. Kwanoni uku ya saka ƙarami cikin babba. A dai kula, duk abin da zai iya shiga bakinsa ya shaƙe shi, ko mai kaifi, ko batir, a kawar.

Yanzu bari in taɓo inda ke da nauyi, ku yi mini afuwa. Kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ko kuka yake sai ta kau da kai don kada a ce ta cika son ɗa. Kunya adonmu ce, ban zo in tuɓe wa kowa ita ba. Sunan, ki ci gaba da sakayawa. Amma jinjiri bai san al'ada ba, abin da ya sani ya yi kuka an zo ko ba a zo ba. Kuma mafi yawan masu ɗan fari yara ne su ma, ga kunya ga rashin sabo. In ba za ki iya a tsakar gida ba, cikin ɗaki wa ke ganinki? Ki kalli idonsa in yana shan nono, ki yi masa magana. Ku kuma surukai, in kun ga amarya na wasa da ɗanta, ku daina yi mata dariya. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane, ya kuma yi salla ɗauke da jikarsa Umama. Wa ya fi shi kunya?

Mu koma kan yarinya mai goyo. Mun ɗora mata aikin babba, ba mu koya mata komai ba, in yaro ya faɗi mu doke ta. Tun da ba za a ce a daina ba ta ƙaninta gaba ɗaya ba, to a koya mata. Ta wanke hannunta da nasa da sabulu kafin ta ba shi abinci. Ta san ba a barinsa kusa da murhu, ko bakin rijiya, ko tukunyar ruwan zafi. Ta san in jikinsa ya yi zafi, ko yana zawo, ko ya ƙi cin abinci, ta dawo da shi nan take, ko tallar ba ta ƙare ba, kuma ba za a yi mata faɗa ba. Wannan na ƙarshe ku riƙe shi, don tsoron a ce ta dawo da kaya shi ke sa yarinya ta yini a rana da yaro mai zazzaɓi. Magani kuwa ba aikinta ba ne. Sa'annan lokacin makaranta nata ne, a nemi wani hannun.

Kakanni, ku ne hukuma a gida. Ma'aikaciyar asibiti ta faɗi nata, uwa ta dawo gida, abin da kuka ce shi za a yi. Shi ya sa nake son ku fi kowa sani. Daƙashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, a ba shi da zarar an haihu. Wata shida nono zalla, ko ruwa ba a ba shi, ko a zafin bazarar Sakkwato, don nonon kansa yawancinsa ruwa ne. Uwar ce za a ba ruwa da abinci. Daga wata shida a fara kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, sau biyu zuwa uku a yini, in ya kai wata tara sau uku zuwa huɗu, ana ci gaba da nono har shekara biyu. Koko tsararo cika ciki ne kawai. A soya gero awo shida, waken suya awo uku, gyaɗa awo ɗaya, kowanne daban, a haɗa a niƙa, ga garin kunu. A sa zogale, a sa ɗan manja ko man gyaɗa. Ƙwai kuma a ba shi. Maganar wai yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, ɓarayi nawa kuka sani da ƙwai ya lalata? A zuba masa nasa a kwanonsa, don in ya sa hannu da manyan yara kafin ya kai loma biyu sun share.

Wannan koyarwa ta mace ga mace ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A garin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa wajen shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, su jagoranci mata daga ƙauyuka zuwa wajenta su ɗauki karatu. Su wa ke tafiya? Tsofaffi da 'yan mata, don matan aure masu goyo suna gida. In sun dawo su koya wa waɗanda ba su je ba. Ku duba fa, tsofaffi da 'yan mata, su ne dai masu riƙe mana yara yau.

Taimako kuma akwai shi kusa, sai dai ba ma cinye rabonmu. A asibitin mazaɓa ana rigakafi kyauta: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, sai na ƙyanda a wata 9 da wata 15. Katin a adana shi kamar littafin zubi. Daga wata shida zuwa shekara biyar ana ɗiga wa yaro bitamin A duk wata shida. Da damina masu bi gida-gida na kawo maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, na kwana uku a kowane wata. Su ke ba da na ranar farko, na kwana biyun a hannunku ake bari, to duk wadda yaro ke yini wajenta ta san da shi.

Akwai kuma ɗan zaren awon damtse mai launi uku, na yara daga wata shida. Kore lafiya, rawaya a tashi tsaye, ja tamowa ce mai tsanani, asibiti a ranar. Ba sai kin iya karatu ba. Haka in ƙafafu biyu sun kumbura, kin danna da yatsa wurin ya lotsa. Ku riƙa duba bakin yaro ma, musamman wanda ya rame ko ya tashi daga ƙyanda. Gyambo a dasashi, wari, kumburin kunci, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ciwon noma cikin kwanaki yake cin fuska, amma in an kama shi da wuri magani na tsayar da shi, kuma asibitinsa na yara yana nan cikin Sakkwato. In yaro ya kai shekara biyar, a tambayi shugaban makarantar firamare ko akwai ajin share fage.

Ita uwar fa? Wata bayan haihuwa sai ka ga ta yi shiru, ba ta barci, ba ta son cin abinci, kuka ba dalili, ko ɗan ba ta son ɗauka. Mu ce miskilanci ne, ko iska. Sau da yawa ciwo ne da ke bin haihuwa, kuma ana samun sauƙinsa. In 'yar ƙungiya ta yi fashin zama biyu bayan ta gama wanka, kafin a yi maganar tara, mutum biyu su je su gan ta, su ɗebe mata aiki, in abin ya ƙi su raka ta asibiti.

Ga abin da nake kawo wa ƙungiya, ku tattauna, in kun yarda a sa cikin dokokinmu. Duk zama, bayan an rufe akwati, a ware kwata ɗin awa don maganar yara. A zaɓi mace ɗaya mai haƙuri da bakin magana ta zama jajinmu, ita za ta je wajen ma'aikaciyar lafiya ta koyi awon damtse, ta gayyato ta zamanmu ko sau ɗaya a wata. Asusun taimako ya ɗauki kuɗin mota in yaro ya faɗa ja, kada uwa ta jira sai maigida ya dawo daga ci-rani, a nemi izninsa tun kafin ya tafi. Waɗanda gidajensu ke kusa su gwada karɓa-karɓa: yau yara huɗu a wajen wannan, gobe a wajen waccan, kamar dai adashi. Sa'annan duk mai neman rance, bayan an tambaye ta me za ki yi da shi, yaushe za ki biya, a ƙara tambaya ɗaya: wa zai riƙe yaron? Ba don a hana ta ba, don a taya ta nemo amsa.

Mako mai zuwa kowa ta zo da katin rigakafin ƙaramin ɗanta, da abin wasa ɗaya da ta haɗa da hannunta. Kuma ta zo da wadda yaron ke yini wajenta, kaka ce ko yarinya, a shimfiɗa musu tabarma tare da mu. Wadda katinta ya ɓace ta faɗa wa sakatariya yanzu a rubuta sunanta. Masu makulli, bismillah.