Darasin da Ikkilisiyar Nubiya Ta Bar Mana



Yau za mu leƙa ƙasar Nubiya, wadda ta miƙe a bakin Kogin Nilu daga kudancin Masar zuwa tsakiyar Sudan. Tun zamanin Fir'auna mahaɗar fatake ce, ta nan zinariya da hauren giwa ke bi zuwa arewa. Ita ce Kush ta Littafi Mai Tsarki. Tirhaka da aka ambata a 2 Sarakuna 19 sarkinta ne, har Masar ya mulka. Baban nan da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8 ma'ajin Kandakatu ne, wato sarautar matan Merowe.

Wajen shekara ta 543 wani mai bishara, Yuliyanus, ya isa can. Kafin ƙarnin ya ƙare masarautu uku, Nobatiya da Makuriya da Alwa, sun karɓi bangaskiya. Suka gina majami'u, suka juya Nassi zuwa harshensu. A 652 suka ƙulla yarjejeniya da Musulmin Masar, ta yi kusan shekara 600 tana aiki.

To, ina suke yau? Yaƙe-yaƙe da sauyin sarauta sun raunana su, amma akwai abin da ya fi shafarmu. Daga Iskandariya ake naɗa musu bishop-bishop. Da hanya ta toshe, makiyaya suka yi ta raguwa. Wani limamin Fotugal, Alfares, da ya zauna a Habasha bayan 1520, ya rubuta cewa mutanen Nubiya sun aiko roƙon a ba su limamai, ba su samu ba. Sannu a hankali ikkilisiyar ta shuɗe. Sai tsakanin 1961 da 1964 masana daga Foland suka tono babbar majami'ar Faras daga cikin rairayi.

'Yan'uwa, mu ma 'yan kaɗan ne a garuruwanmu. Idan fastonmu ya tashi gobe, wa zai karanta mana Maganar Allah? Wa zai koya wa yaranmu? Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Bari kowace ikkilisiya ta zaɓi matasa daga cikinta, ta haɗa kuɗin makarantar Littafi Mai Tsarki, ta tura su. Wadda kuma aka roƙa taimako, kada ta mayar da 'yan'uwa hannu banza.

Ubangiji ya riƙe mu da aminci har ƙarshe. Amin.