JAWABI A KAN SAYEN TUFA MAI ƘARKO



Kowace shekara, in kaka ta yi ko Salla ta gabato, talaka yakan ɗauki ɗan abin da ya samu a gona ya kai kasuwa domin ya tufatar da iyalinsa. Sau da yawa ido yakan ruɗe shi, ya sayi mai ƙyalli don ya ga sauƙin kuɗi. Kafin damina tufar ta koɗe, ta yage, sai ya koma cin bashi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ga lissafin. Rigar da ta shekara 4 a jiki, ko da ta ninka wata kuɗi, ta fi araha bisa wadda ke mutuwa cikin shekara 1, gama mai sayen ta banza sai ya saya sau 4.

Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002. Yau yawancin yadin da ke Kantin Kwari a Kano daga ƙasashen waje yake zuwa, mai kyau da marar kyau a gauraye. Saboda haka tilas mai saye ya gwada da kansa.

Da fari, ya ɗaga yadin wajen haske. In haske na ratsa shi kamar rariya, saƙar ba ta cika ba. Na biyu, ya murje gefensa da hannu. In gari ya zubo, watau sitaci aka ɗura masa don ya yi kauri, wanki ɗaya zai tona asirinsa. Na uku, ya jiƙa bakinsa ya goga da farin ƙyalle, ya ga ko yana zuba. Na huɗu, ya zare zare guda ya ƙona. Auduga takan bar toka, zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule.

Sa'an nan sai ɗinki. A jiƙa akoko kafin a kai wa tela, domin yakan tsuke. Rigar yaro a bar mata babbar kalmasa, yadda za a sake ta in ya girma. Mai sayen gwanjo kuma ya juya rigar, ya duba wuya da hammata, nan tufa ke fara mutuwa.

Kada kuma a raina aikin gida. Gwado da saƙi suna da ƙarko, farar riga kuwa in ta dafe, marina irin ta Ƙofar Mata na iya mayar da ita shuɗiya, a ci gaba da sa ta.

Ana roƙon Hakimai su sa Dagatai da Masu Unguwa su bayyana wa jama'a wannan, Malamai kuma su karanta shi ran kasuwa. Abin da talaka ya tsimin a tufa, shi zai saya taki da shi.

Allah shi taimaka, amin.