Ina Waƙar Karatun 'Ya Mace?

Jama'a 'yan kasuwa, masu cewa karatun mata baƙon abu ne, mu tuna musu da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793. Waƙoƙi ta tsara da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta naɗa dattijan mata jaji da malfa da jan rawani, suka bi ƙauyuka suna koya wa mata. Wadda ba ta taɓa riƙe allo ba, sai ta haddace tana daka.

To, mawaƙanmu, masu wasa attajirai don riga da mota, ina waƙar yarinyar da ke tallar goro bakin rumfunanmu, tsararrakinta suna aji? Ku tsara ta, mu ne da kuɗin kalangu, a rera ran kasuwa iyaye su ji.