Baƙi A Tukunyarmu, Namu A Duniya: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara-Shekara Na Ƙungiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW).



An umurce mu da mu ɗan yi tsokaci a kan waɗansu abubuwan ban mamaki na tarihi da harshe. Mun zaɓi mu tsaya a kan abin da muke ci, da abin da muke furtawa, da abin da muke sayarwa, domin abin da ido ya saba gani kullum shi ne ba a cika tambayar asalinsa ba.

Bari mu fara da tukunya. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, duk da ƙasaitarsa bai taɓa ɗanɗana ƙuli-ƙuli ba, bai ga gasasshiyar masara ba, ba a kuma taɓa yi masa miya da tumatir ko barkono ba. Dalili kuwa shi ne, masara da gyaɗa da rogo da dankali da tumatir da barkono duk tsirrai ne na nahiyar Amurka, kuma ba su fara ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Mutanen ƙasar Meziko ne suka fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Masana suna ganin sunan da muka ba ta yana nuni ne da hanyar da ta biyo zuwa gare mu, wato ta Masar. Gero da dawa da gujiya su ne 'yan gida. Gyaɗa kuwa, wadda baƙuwa ce, ita ce ta zama dalar Kano bayan jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911.

Haka abin yake a bakinmu. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, shi kuwa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, asalin mafi yawansa daga tsibiran Maldif ne, can cikin tekun Indiya. Kwabo da sisi da sule da fam duk sunayen kuɗin Ingila ne da harshenmu ya lanƙwasa. Naira ta maye gurbin fam tun ranar 1 ga Janairu, 1973, amma har gobe matashin da bai taɓa ganin sisi ba yana rantsuwa ba shi da ko sisi. Kasuwa daga Barebari muka aro ta, su kuma daga Larabci. Takarda ta bakin Abzinawa ta zo mana, ashana kuwa daga Yarabawa.

To, kada wani ya ce ashe mu 'yan karɓa ne kawai. Fatar da Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita, suna kiran ta fatar Maroko, da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda majemanmu suka jeme, ayari ya ƙetara Sahara da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Goron da fatakenmu suka riƙa ɗaukowa daga Gwanja, sunansa na yankin gaɓar Afirka ta Yamma, wato kola, shi ne rabin sunan Coca-Cola, lemon da aka fara haɗawa a birnin Atlanta na Amurka a 1886.

Abin da ya fi duka ban mamaki shi ne kwalekwalen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi suka auna, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka gano a Afirka, ya kuma girme dalar Fir'aunan Masar da shekaru dubbai. Da makiyayin nan ya faskara katakon ya yi makamashi da shi, da shi ke nan, labari ya ƙone.

Jama'a, darasi uku muke so mu ɗauka. Na farko, kakanninmu ba su ƙi baƙon iri ba. Sun gwada, abin da ya karɓi ƙasarsu suka riƙe. Saboda haka manomanmu su daina gudun ingantaccen iri da shawarar malaman gona. Na biyu, fatarmu ta yi suna da sunan wani, domin wanda ya kai kaya kasuwa shi ake sani. Muddin muna sayar da gyaɗa da fata ɗanye, muna sayen mai da takalmi da tsada, to riba da suna na wasu ne. Na uku, shi ne mafi gaggawa: kowace shekara muna binne dattawan da suka san wanda ya kafa unguwanninmu, da inda ganuwa ta bi, da ma'anar sunayen rijiyoyinmu da fadamunmu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Don haka muna ba ƙungiya shawara ta kafa ƙaramin kwamiti, ta haɗa malaman makaranta da ɗalibanmu na jami'a, su bi dattawa maza da mata gida-gida, su naɗi muryoyinsu, su rubuta, a ajiye kwafe a fadar Hakimi da makarantunmu, a kuma riƙa buga wani sashe a wannan mujalla kowace shekara. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, amma ba ya jiran baɗi. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya tarar da wanda zai tambaya.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Hakimi lafiya, Ya haɗa kanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.